Fijon Baba: Abin da tsohuwar motar gidanmu ta koya mini

Duk inda matasa suka taru aka ɗauko zancen mota, sabuwa ake ambata. Wannan ya ce Camry, wancan ya ce Benz, wani ya zaro waya ya nuna hoton wadda ko a mafarki bai taɓa shiga ba. Tsohuwar mota kuwa sunanta akwala ko gwangwani, kuma wanda aka gani a cikinta ana ɗauka ba shi da yadda zai yi ne. Ni tawa sha'awar ta sha bamban. Shekara biyu ke nan duk lokacin da karatu ya rage mini, da duk 'yan kuɗin da suka shigo hannuna, a jikin wata mota suke ƙarewa, wadda ta girme ni da kusan shekara 20. Peugeot 504 ce, wadda iyayenmu ke kira Fijo, ƙirar 1985, haɗin Kaduna. Ina so in faɗa wa 'yan uwana ɗalibai dalilin da ya sa nake ganin tayar da irin waɗannan motoci na gida abin yi ne ga matashi, ko da kuwa ba ɗan masu kuɗi ba ne.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da wannan shi ne abin da suke ɗebe kewa da shi a ƙarshen mako. Kuma ba duka ne ke bin motocin tsere masu tsada ba. Da yawansu motar da ubansu ya riƙa kai su makaranta a ciki suke nema, su gyara ta, su kafa ƙungiya, su riƙa fita tare. Mu nan muna da motocin, muna da waɗanda suka san gyaransu. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ganin darajarsu.

Bari in fara da faɗin wace ce 504, domin yawancin sa'o'ina sun taso ne bayan tashenta ya wuce. An fito da ita a Faransa a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya, wadda ake yi cikin daji da taɓo da ƙura. A wannan shekara ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mayar da ita motar manyan jami'ai, daga nan ta cika ma'aikatu da ƙananan hukumomi. Doguwarta mai layi uku na kujeru ita ce ta riƙe tashoshin mota daga Kano zuwa Jos da Sakkwato da Maiduguri, a-kori-kurarta kuma ta yi dakon buhunan masara a kasuwannin ƙauye. A Faransa an daina ƙera mai ƙofa huɗun a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara 20 bayan nan.

A wancan zamani ba Kaduna kaɗai ke haɗa mota ba. Legas tana haɗa Volkswagen, Bauci tana da Steyr, Kano tana da masana'antar manyan motoci ta Fiat, Ibadan tana da Leyland, Inugu kuma tana haɗa manyan motocin Mercedes. Daga 1986 da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai 'yan Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano suka mamaye titi. Saboda haka duk wata 504 haɗin gida da ta rage, shaida ce ta lokacin da malamin makaranta yake iya hawa motar da hannun ɗan ƙasarsa ya ɗaure.

Mahaifina malamin gona ne. A gwanjon motocin gwamnati ya sayi tasa a 1993. Ita ce motar da aka kai Umma asibiti da ita daren da aka haife ni, ita ta ɗauko kusan duk amaren layinmu a Zariya, kuma idan ciwo ya kama wani da tsakar dare, ƙofarmu ake bugawa. A 2015, bayan Baba ya yi ritaya haƙƙoƙinsa ba su fito da wuri ba, tsohon tiyon lagireto ya fashe a hanya, injin ya yi zafi, gaskit ya ƙone. Aka yi janwenta zuwa gida aka ajiye a gindin darbejiya da niyyar sai kuɗi sun zo. Ta yi shekara takwas a wurin. Tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta akurki.

A 2023, dab da damina, babban yayanmu ya kawo shawarar a sayar wa 'yan jari bola. Sun taya Naira dubu 200, rufin ɗakin Umma kuma yana yoyo. Maganarsa tana kan hanya, kuma babu wanda ya musa masa. Ni ne ƙarami a cikin maza, na gama sakandare ina jiran gurbin karatu. Da daddare na sami Baba na durƙusa na ce, “Baba, don Allah a ba ni shekara ɗaya in gwada tayar da ita.” Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya gindaya mini sharuɗɗa uku: ba za a cire ko kwabo daga kuɗin cefane ba, karatuna ba zai taɓu ba, kuma idan shekara ta cika ba ta tashi ba, ni da kaina zan kira masu sikeli. Yaya ne ya sayi kwanon rufin da kuɗin aljihunsa, kuma ya yi watanni yana amsa gaisuwata a daƙile. Wannan shi ne farashi na farko da motar ta ci, tun kafin in sayi ko noti ɗaya.

Akwai wani dattijon makanike a bakin titinmu wanda ya koyi aiki a Kaduna lokacin da Fijo ke tashe. Kowa Oga yake ce masa. Da na je masa da buƙatata, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai ɗan boko, ka iya wanke ƙarfe?” Mako biyu na yi ba abin da na taɓa sai kananzir da buroshi. Muka yi yarjejeniya: zan riƙa taya shi aikin gareji da safe, shi kuma ya koya mini a jikin motarmu da yamma, kayan gyara kuwa ni zan saya. Kuɗin kayan na samo su ne daga koya wa yaran firamare lissafi da daddare.

Abu na farko da na koya shi ne gyara yana da tsari. Injin da ya yi shekara takwas a kwance ba a tayar da shi da makulli. Sai an cire filogi huɗun, an ɗiga mai a kowane rami, an bar shi kwanaki ya jiƙa, sannan a sa sifana a juya shi da hannu a ji ko ya cije. Sai an sauke tanki an wanke, domin fetur idan ya daɗe yakan zama kamar ƙaro ya toshe hanyar mai. Kuma kafin injin, birki ake fara yi. Oga yakan ce motar da ta ƙi tashi ba ta taɓa kashe kowa ba, wadda ta ƙi tsayawa ita ce mai kisa. Muka canza robobin birki da tiyoyinsa da mansa gaba ɗaya. Fenti, wanda shi ne abin da ido ke fara gani, shi ne na ƙarshe a lissafinsa.

Da muka buɗe kan injin ne na ga abin da ya sa tsofaffin direbobi ke yabon wannan mota. Kowace silinda bututun ƙarfe ce mai zaman kanta, wadda idan ta cinye ana iya zare ta a sa sabuwa ba tare da an jefar da injin ba. Saboda haka ma idan an cire kan injin ba a juya shi sai an danne waɗannan bututai, don kada su ɗaga ruwa ya sami hanyar shiga cikin baƙin mai. Waɗanda suka zana wannan injin sun zana shi ne da tunanin cewa wata rana wani zai buɗe shi ya gyara. Ban taɓa riƙe wata na'ura da aka yi da irin wannan tunani ba. Wayar da ke aljihuna, idan ta lalace, sau da yawa sayen wata ya fi gyaranta sauƙi.

A nan ne nake so ɗalibai su ba ni hankalinsu. Abubuwa da dama da na haddace don jarrabawa, a gareji na fahimce su. Kun tuna lissafin girman silinda da ake ba mu a aji, mu yi ta tambayar amfaninsa? Faɗin bakin silindar wannan injin milimita 88 ne, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa milimita 81. Ku ɗauki biro ku lissafa girman ɗaya, ku ninka sau huɗu, za ku sami cc 1971, wato abin da ake kira injin lita biyu. Ranar da na yi wannan lissafi a bayan kwalin filogi na ga ya fito daidai da abin da ke rubuce a takardun motar, na ji daɗin da ban taɓa ji a ajin lissafi ba.

Haka sauran. Zagaye huɗun da injin ke yi, wato shaƙar iska da mai, matse su, fashewa, da fitar da hayaƙi, na gan su da idona ina juya injin da sifana, bawul na buɗewa yana rufewa. Kwayil ba komai ba ne face ƙaramar taransifoma, wadda ke karɓar wutar batir mai volt 12 ta mayar da ita dubbai don filogi ya yi tartsatsi, kuma kwantak ne ke katse wutar a daidai lokacin da ake so. Kafireta tana aiki ne da ƙa'idar nan cewa iska idan ta bi ta ƙuntataccen wuri gudunta yana ƙaruwa, matsinta ya ragu, sai ta zuƙo fetur. Birki kuwa dokar Pascal ce: ka taka da ƙafa ɗaya, mai ya kai matsin ga tayoyi huɗu. Murfin lagireto ma ba murfi ne kawai ba, yana riƙe matsi ne don kada ruwa ya tafasa a digiri 100. A sabuwar mota duk waɗannan dokoki suna nan, amma an lulluɓe su da roba da kwamfuta. A tsohuwa a fili suke, kana iya sa yatsa ka nuna.

Neman kayan gyara shi ma makaranta ne. Na shiga Fanteka a Kaduna, na shiga Ƙofar Ruwa a Kano, na koyi cewa wani lokaci tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabo mai ƙyalli a cikin kwali. Na koyi tafiya da tsohon abin a hannu don a gwada, da ciniki ba tare da nuna zumuɗi ba. Na buɗe littafi ina rubuta kowane abu da ranar da aka saya da kuɗinsa. Na kuma gane cewa mota ɗaya tana ciyar da sana'o'i da yawa: mai walda ya yanke ƙasan da tsatsa ta cinye ya sa sabon ƙarfe, mai wayarin ya bi wayoyin da ɓeraye suka gaigaye, mai kushin ya ɗinke kujeru, mai lagireto ya buɗe ta ya fitar da dattin shekaru. Kowannensu yana da ilimin da ba a rubuta a littafi ba.

A wata na tara ta tashi. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, sannan ta daidaita. Bayan an sabunta takardu da inshora, ni kuma na karɓi lasin, na tuƙo ta zuwa ƙofar gida. Baba ya fito ya zagaya ta sau ɗaya, ya zauna a mazaunin direba ya riƙe sitiyari, bai kunna ba. Abin da kawai ya ce shi ne, “Ranar Asabar ka kai ni ƙauye in gaida Yaya.” A wannan tafiya ya riƙa nuna mini garuruwan da ya yi aikin gona, inda ya fara kai sabon irin masara manoma suka ƙi karɓa, da gadar da ruwa ya taɓa cinyewa suka kwana a cikin motar. Shekara 20 ina gida ɗaya da mahaifina ban taɓa jin waɗannan labarai ba. A ɗaki ba mai yawan magana ba ne, amma a kujerar gaba bakinsa ya buɗe.

Ba zan ɓoye muku wahalar abin ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, fetur ya zama abin lissafi, kuma injin mai kafireta ya fi na zamani shan mai. Sau ɗaya ko biyu nake fito da ita a mako, makaranta kuwa a motar haya nake zuwa. Ba ta da jakar iskar nan da ke tare mutum lokacin haɗari, ba ta da na'urar da ke hana taya cijewa idan an taka birki da ƙarfi. Saboda haka ba na gudu da ita, ba na tafiyar dare, kuma kowa ya shiga sai ya ɗaura bel. Har yanzu ban yi mata fenti ba, jikinta dabbare-dabbare ne, yara na yi mini dariya a layi. Idan aka haɗa abin da ke cikin littafina, ya wuce abin da za a taya ta yau. Yaya yana tuna mini wannan, kuma ta fuskar ciniki gaskiyarsa ce. Wanda ke neman riba kada ya shiga wannan harka.

To me na samu? Na sami hannu. Yau idan janareton maƙwabta ya ƙi tashi ni ake kira, kuma ba na tsoron buɗe abin da ban taɓa buɗewa ba. Na sami haƙuri, domin notin da ya yi tsatsa ba ya jin fushi, sai mai da lokaci. Na daina yi wa mai baƙin kaya kallon wanda bai yi karatu ba, tunda na ga dattijon da ke gane ciwon injin da kunne kafin a buɗe shi. Da na sami gurbi, fannin injiniyan ƙere-ƙere na zaɓa da idona a buɗe. Ƙanwata da ta fara da riƙe mini tocila, yanzu ita ke cire filogi ta wanke ta mayar, kuma ta fi ni kunnen jin canjin ƙarar injin. Wannan harka ba ta maza kaɗai ba ce.

Abin da ya sa na ga ya kamata in yi wannan rubutu shi ne lokaci yana ƙurewa ta fuska biyu. Motocin suna ƙarewa, domin kullum ana yanka su ana aunawa a sikeli ana kai wa masu narka ƙarfe, kuma wadda aka narka ta tafi ke nan. Masu ilimin su ma suna tsufa. Oga ya haura shekara 60, kuma yaran da ke zuwa koyon aiki yanzu sun fi son na'urar da ake maƙala wa mota ta faɗi ciwonta. Ba laifinsu ba ne, nan kasuwa take. Amma idan sa'o'insa suka kau babu wanda ya zauna kusa da su, za a wayi gari babu mai iya saita kafireta a gari guda. Motar da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta a 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, domin ta shugaba ce. Motar malamin gona da ta malamin firamare da ta ungozoma kuwa, babu mai adana su sai 'ya'yan gidan.

Ga wanda ke da irin wannan mota a gidansu, ko Fijo ce, ko Beetle, ko tsohuwar Datsun, ko ma babur ɗin kakansa, ga abin da zan ce masa. Ka fara da neman izinin mai ita da na waɗanda ke da haƙƙi a cikinta, musamman idan kayan gado ce, don kada sha'awa ta raba zumunci. Ka duba ƙasanta da ƙashin bayanta kafin ka kashe kuɗi, domin injin yana gyaruwa, amma tsatsar da ta ci ginshiƙi tana iya fin ƙarfinka. Ka nemi dattijon da ya san ta, ka yi masa ladabi, ka yarda ka fara da wanke ƙarfe. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada ka buɗe lagireto injin yana da zafi, kada ka zuƙi fetur da baki, kada ka bar injin yana aiki a rufaffen wuri domin hayaƙinsa yana kisa. Kada ka hau titi sai ka cika shekara 18 ka mallaki lasin. Kuma kada littafinka na makaranta ya biya kuɗin wannan sha'awa.

Idan kuma babu halin gyara yanzu, akwai abin da ba ya cin ko sisi. Ka ɗaga motar a kan duwatsu ko katako don tayoyi su huta, ka rufe ta daga ruwan sama, ka adana takardunta. Sannan ka sami mai ita ka tambaye shi a ina ya saye ta, nawa, kuma ina da ina ta je, ka rubuta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya ajiye ta.